Tafinta

Shekara sha tara ina tsaye a nan,
tsakanin bakin talaka da kunnen kotu.
A zuba mini zance da Hausa,
in juye shi da Turanci, kada ɗigo ya faɗi ƙasa.
Kwanon bai taɓa yi mini nauyi ba
sai ranar da aka kawo Namadi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri.
Injunan sun yi shiru tuntuni,
a kansa ne ba su daina kaɗawa ba.
Ranar wata Laraba, bayan la'asar,
ya sauke wa Ishaya mai faci ƙarfen cire taya,
Ishaya maƙwabcinsa, mai ajiye masa ragowar kunu.

Lauyan gwamnati ya gyara zaman gashin kansa:
“Ya wanke rigarsa, ya mai shari'a,
ya jefa ƙarfen ƙarƙashin gada.
Wane mahaukaci ne ya san wanki da ɓoyo?”
Bencin dama ya gyaɗa kai.

Likita ta zo daga Barnawa, Dakta Bityong,
da fayil da ya sha hannu har ya yi laushi:
wata bakwai rabonsa da magani,
tun da kuɗin ya fi ƙarfin uwarsa.
Bencin hagu ya ce, Allah sarki.

Ba wanda ya naɗa mutanen benci,
amma kowa ya shigo da hukuncinsa a aljihu
kamar ɓarin goro.
Wata ta ce, “Dubi farcensa a yanke,
yaushe aka gan shi yana tsince-tsince a bola?”
Wani ya ce, “Ciwon gaskiya ne, na sani,
shi ya sa ba na so a sake shi.
Layinmu zai dawo.”

Mai shari'a ta ce in tambaye shi
ko ya san abin da ya aikata.
Ya bi fankar sama da ido har ta gaji da zagaye,
ya ce, “Hannuna ya sani.”

Kalma uku.
In na karkata su dama, igiya ce.
In na karkata su hagu, na ci amanar Rifkatu,
ga ta can da goyo, tun safe ta hana idonta ruwa.
Na miƙa su yadda suka zo, ko gishiri ban sa ba.
To amma murya fa?
Na ji ta yi ƙasa ba da izinina ba.
Shin taushin murya ma shaida ne?

Sai ya warware bakin wandonsa,
ya zaro ɗari biyar da ta naɗe kamar lawashi:
“A ba Ishaya, na facin kekena ne.
Kwana biyu ba ya fitowa.”

Tabawa, uwarsa, ta ja mayafi ta rufe fuska.
Lauya ya ce wasan kwaikwayo ne.
Rifkatu ta dubi kuɗin, ta daɗe tana duba.
Ni kuwa sai da aka kira sunana sau biyu
kafin na tuna aikina fassara ne.

Malamai sun ce an ɗauke alƙalami
a kan wanda hankali ya yi wa ƙaura.
Na mai shari'a ma na gan shi a ɗauke,
yana rawa a saman takarda,
sai dai nata dole ne ya sauka.

An ɗage zama sai bayan wata guda.
Kafin in kai teburin mai shayi
an rataye Namadi sau biyu, an sallame shi sau ɗaya.
Wani ya ce, shari'a saɓanin hankali.
Ban tanka ba.
Hankalin ne yau aka nema a akwatin tuhuma,
aka yi ta kira, bai amsa ba.

Da yamma bas ta hau gada da ni,
kogi ya cika ya yi jawur da ruwan Agusta.
Ƙarfen yana ciki, can wani wuri.
Ɗari biyar ɗin tana ambulan a ofishin magatakarda,
an buga mata lamba,
kuma har yau ba a san wa za a ba ba.